Ina Bakin Bindigarka Yake Dubi?



Ga kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu, dabbobi sun faɗa kara. Yanzu ne lokacin da azuzuwan yaƙi da jahilci suke buɗewa a ƙauyukan Tasawa da Mayahi. Yanzu ne kuma lokacin da maza suke sauko da bindiga daga jikin bango, su kakkaɓe ta, su nufi daji neman zomo da zabo da fakara. Wani kuma ba farauta ce ta dame shi ba, dila ne ya addabi awakinsa. Ko wanne ne dalili, daga nan zuwa faɗuwar ruwa bindigogi za su yi ta yawo a hanyoyinmu, bisa kafaɗa, bisa keke, bisa babur da amalanke. Maganarmu ta yau a kan wannan yawon take.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen

Rani biyu da suka wuce, cikin zagayen da muke yi na duba azuzuwa, mun sauka wani ƙauye a bakin Gulbin Kaba. A ajin akwai wani magidanci, shekarunsa sun kai hamsin, manomi ne kuma maharbi ne tun gado. Shi ne ya fi kowa ƙwazo. A gabanmu ya tashi ya rubuta sunansa da na ƴaƴansa huɗu a allo, ajin ya tafa masa. Da muka koma bayan wata guda, ba mu tarar da shi ba.

Ga abin da ya faru. Ya tafi kwasar kara da amalanke, ya ɗora bindigarsa ta toka a kai, ɗure kuma da abin tada wutarta a jiki, wai ko zai ci karo da zabi a hanya. Aka loda kara, aka ɗaure da igiya, bindigar tana kwance a gefe. Da suka kawo wani fako sai ga garken zabin daji. Ya yi wuf ya kama bakin bindigar ya jawo ta wajensa. Ƙarfen da ake ɗanawa ya maƙale a igiya, ya ɗaga, ya kuɓuce, ya faɗa. Duk abin da ke cikin bindigar ya fita ta tafin hannunsa na dama. Ɗansa mai shekara tara yana zaune bisa karan. Da bakin ya karkata kamu ɗaya, da wani labari muke ba ku yau.

A kan amalanken nan aka kai shi gidan likita, daga can aka wuce da shi Maradi. Allah ya yi da sauran kwana. Amma yatsu uku sun tafi, hannun kuma ba ya damƙar hauya. Bana ya dawo aji, yana koyon rubutu da hagu, tun daga baƙin farko. Da muka yi masa jaje, ga abin da ya ce mana: "Malam, shekara talatin ina harbi ban taɓa kuskuren zomo a guje ba. Amma ba wanda ya taɓa koya mini yadda ake ɗaukarta." Da izininsa muka kawo wannan labari, kuma maganarsa ita ce ginshiƙin ra'ayinmu.

Ra'ayin shi ne wannan: maharbi ya fara iya riƙo kafin ya iya saiti. Mu yi lissafi kamar yadda muke yi a aji. Mutum ya fita da asuba, ya dawo da azahar, awa 7 ko 8 ke nan bindiga tana jikinsa. A cikinsu harbi nawa zai yi? Biyu ko uku, kowanne bai wuce ƙiftawar ido ba. Ashe sauran lokacin duka ɗauka ce. Amma a dandali hirar harbi kaɗai ake yi, wane ya kā da wane, ba a hirar ɗauka. Sai ga shi tsautsayin da muke ji a ƙauyukanmu galibi a hanya yake faruwa, wajen hawa da sauka, wajen tsallake shinge, wajen miƙa wa wani.

Abin da maharban wata ƙasa suka gane

A Amurka akwai maharban da suke farautar manyan namun daji da guntuwar bindiga ta hannu, irin wadda muke kira pistole, amma babba ce, kuma an ɗora mata madubin hangen nesa a bisa. Tun 1967 wani kamfani mai suna Thompson/Center ya fito da wata mai suna Contender, wadda ake karyawa a sa harsashi ɗaya, kamar dai bindigar harbin tsuntsu da muka sani. Irin waɗannan bindigogi, in aka haɗa da madubin, nauyinsu yakan doshi kilo 2. Ba sa shiga aljihu, ba sa zama a ɗamara. Saboda haka maharbi a can, kafin ya shiga daji, sai ya zauna ya zaɓi kuben da zai ɗauke ta a ciki.

Wani yakan zaɓi kuben ƙugu, amma nauyin yana rinjayar gefe ɗaya, yana kuma tokare mutum in ya zauna. Wani yakan zaɓi na ƙarƙashin hammata, amma a wani irinsa bakin bindigar baya yake dubi, wajen wanda ke biye. Da yawa sun fi son wanda ake ratayawa a gicciye ya kwanta bisa ƙirji, kamar yadda muke rataya gafaka: nauyin ya rabu a kafaɗa da baya, hannu biyu suna sake, madubin yana rufe daga ƙura da ruwa, bakin yana dubin ƙasa ta gefe, kuma fata ta rufe kunama ruf.

Akwai wani darasi kuma daga can. Tsofaffin bindigogin hannu masu juyawa, in suka faɗi ƙasa ƙarfen ɗanawa ya bugu, suna iya tashi ba wanda ya taɓa kunama. Shi ya sa masu hankali a cikinsu suke barin gurbin da ke ƙarƙashin ƙarfen babu harsashi. A 1973 kamfanin Ruger ya sake ƙirar nasa, ya sa wani ɗan ƙarfe a tsakani wanda ke hana tashi sai an ja kunama. To, in bindigar da injiniyoyi suka ƙera a masana'anta tana tashi don ta faɗi, yaya ke nan wadda maƙerin ƙauye ya haɗa da bututu da icce, wadda ba ta da makulli ko ɗaya?

Ba mun kawo wannan don wani ya yi sha'awar irin bindigarsu ba. Ba kayan gonarmu ba ce, kuma hukuma ba ta barin kowa ya mallaki makami haka kawai. Abin koyi shi ne, sun ɗauki zaɓen hanyar ɗauka a matsayin rabin farauta. Mu ma iyayenmu haka suka ɗauke shi. Ba a taɓa ganin maharbin da ya soke kibiya mai dafi a bakin wandonsa ba. Sai a kwari, tsini ƙasa, da murfi. Takobi yana da kube, wuƙa tana da kube. Bindiga ce kaɗai, wadda ta fi su duka haɗari, muka bari tsirara.

Tambayoyi uku

Kafin ka zaɓi yadda za ka ɗauki bindigarka, yi wa kanka tambayoyi uku.

1. Ina bakinta yake dubi yanzu, kuma ina zai duba in na yi tuntuɓe, ko na sunkuya, ko na waiwaya?
2. Mene ne zai iya taɓa kunama ko ƙarfen ɗanawa: reshe, igiya, hannun riga, yatsana?
3. Akwai wani abu a cikinta? In akwai, don me, alhali ban ga nama ba tukuna?

Duk hanyar da ta kasa amsa waɗannan, a bar ta, ko da ita kakanka ya yi amfani. Bari mu auna hanyoyin da muka saba da su ɗaya bayan ɗaya.

Saɓawa a kafaɗa. Wannan ita ce ta fi yawa. In gindin yana hannunka, bakin yana baya, to yana dubin wanda ke biye da kai, kuma a hanyar gona wanda ke biye da kai ɗanka ne ko ƙanenka. In ka juya ta, ka riƙe bakin a gaba kamar sandar makiyayi, abin ya fi muni: tana dubin na gabanka, tafin hannunka yana kusa da bakin, ƙarfen ɗanawa kuma yana bayanka inda ba ka ganin abin da zai kama shi. Saɓawa ba ta da laifi in kai kaɗai ne a fili, ko kai ne na ƙarshe a layi, gindin a hannu, bakin sama. Riƙo ta baki kuwa, a daina shi ɗungum.

Ratayawa. Tana da daɗi a doguwar tafiya domin hannu biyu suna sake. Amma a kula da abu uku. Na farko, maratayin ya zama fata mai faɗin yatsa uku, ɗinkakkiya, ba tsumma ko igiyar leda da rana ta cinye ba. In ta tsinke, gindin bindiga ne ke fara dukan ƙasa, bakin kuma yana dubin ƙeyarka. Na biyu, in ka shiga sabara ko geza ko ƙarƙashin magarya, sauke ta ka riƙe, domin reshe yana ɗana bindiga kamar yadda yatsa yake yi. Na uku, in ka rataya ta baki ƙasa, duba kada ta caki rairayi lokacin da ka durƙusa. Bakin da ƙasa ta toshe yana fasa bututu a fuskar mai harbi, kuma ƙasarmu ta jigawa ba ta da wuyar shiga.

Reto a hannu ɗaya, baki gaba. Tana dubin ƙafafun na gabanka, tana kuma kwasar ƙasa da haki. Ba ta dace da tafiyar layi ba.

Rungumewa a gwiwar hannu, baki gefe. Ba ta gajiyarwa, amma sai in babu kowa ta wannan gefen. A farautar taro, inda ake jerawa kafaɗa da kafaɗa, kullum akwai wani ta gefen.

Riƙo da hannu biyu a gaban ƙirji, baki sama kuma gaba, yatsa a miƙe nesa da kunama. A ra'ayinmu wannan ita ce hanyar da ta fi kowace idan an isa wurin farauta. Ko ka yi tuntuɓe, kai ke da ikon bakin. Ƙarfen ɗanawa yana gaban idonka, tafin hannunka yana kare shi daga reshe. Kuma daga nan zuwa saiti ba nisa. Aibinta ɗaya ne, tana gajiyar da damtse, shi ya sa ba a yin doguwar hanya da ita.

Sokewa a ƙugu. Akwai samarin da suke yawo da guntuwar bindiga ƙirar maƙera, a soke a bakin wando, riga ta rufe. Wannan ita ce mafi muni duka. Bakinta yana dubin mara da cinya, inda babbar jijiyar jini take bi. In wannan jijiya ta fashe, jinin mutum yana iya ƙarewa cikin ƴan mintoci, tun kafin a ɗaura wa sa amalanke. Ba mu da wata shawara a kan wannan sai a bari.

Bisa abin hawa

Ka'ida ɗaya ce, ba ta da togiya: bindiga ba ta hawa keke, ko babur, ko jaki, ko amalanke, ko motar kasuwa da wani abu a cikinta. Mai karyawa a karya ta, a cire harsashi a sa a burgami, a leƙa bututun a ga haske. A sa ta a kube, a ɗaure ta a tsaye ko a tsawon abin hawan, ba a gicciye ba, kada ta kama icce ko mai wucewa. In za a sauke ta, a kama ta ta gindi, bakin yana dubin inda ba kowa. Haka nan wajen tsallake shinge ko kwazazzabo: a fara ajiye ta a ƙetare, baki nesa, sa'an nan a tsallaka.

Mun san masu bindigar toka za su ce tasu ba a cire mata ɗuri da sauƙi. Gaskiya ne. Saboda haka kada a ɗura ta a gida. A bari sai an isa. In an ɗura, kada a sa mata abin tada wuta sai an ga nama. A kwantar da ƙarfen ɗanawa bisa ɗan guntun fata. In an tashi komawa ba a yi harbi ba, a juye ta cikin tudun rairayi mai laushi, inda ba dutse, ba mutum, ba dabba. Asarar albarushi cokali ɗaya ta fi asarar hannu sauƙi. Kuma ga dabara: ka zura sandar ɗuri lokacin da bindigar take wofi, ka yi mata alama daidai bakin bututu. Duk ranar da ka zura alamar ta tsaya a sama, ka san akwai ɗuri a ciki. Wannan yana hana ɗuri bisa ɗuri, wanda ke tarwatsa bindiga.

Abin da za a ce mana

Mun tattauna wannan magana da maharba a azuzuwa da dama, kuma ba duka suka yarda nan take ba. Ya kamata mu kawo hujjarsu.

Suka ce nama ba ya jira. Kafin ka ɗana, zomo ya shige. Mun yarda, wata rana za ka rasa zomo. Amma mu sa a sikeli. A gefe ɗaya miyar dare ɗaya. A ɗaya gefen hannun da ke noma gona, ko idon yaro, ko ran maƙwabci da shari'ar da za ta biyo baya, da gabar da za ta shiga tsakanin gida biyu har jikoki. Wane ɗan kasuwa ne zai yarda da wannan ciniki? Kuma tsofaffin maharba sun sani, wanda ya iya sanɗa da karatun sawu yana samun lokacin ɗanawa. Mai gaggawa shi ne wanda nama ya riga gani.

Suka ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, kuma ba mai tsere wa abin da Allah ya rubuta. Amma ba mu ga wanda ya bar rumbunsa a buɗe ya ce in Allah ya so awaki ba za su ci ba. Malamanmu suna karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai wucewa da kibau cikin kasuwa ko masallaci ya kama tsininsu don kada ya ji wa wani, ya kuma hana nuna ɗan uwa da makami. In an faɗi haka a kan kibiya, wadda ba ta tashi da kanta, ina ga bindiga?

Wasu suka ce suna da abin da suka gada na tsari. Ba mu zo jayayya da gadon kowa ba. Tambaya ɗaya kawai muke yi: yaron da ke biye da kai, da matar da ke tsintar icce bayan kalgo, su ma suna da shi?

Wasu kuma suka ce shekara da shekaru haka suke yi, ba abin da ya same su. Ɗalibinmu ma shekara talatin ya yi. Sabo turken wawa, in ji masu magana.

Dajin ma ya sake

Akwai wani dalili da iyayenmu ba su da shi. Bayan farin 1973 da na 1984, gonakin jihar Maradi sun zama fili fetal, mutum yana hango mutum daga nesa. Tun daga 1983 aka fara sassaben zamani a wannan jiha, wato barin tohon kututture ya girma a gona maimakon a sare shi. Yau ana lissafin kadada wajen miliyan 5 da suka sake yin itatuwa a ƙasar Nijar, mafi yawa a Maradi da Damagaram. Wannan alheri ne babba: ga icce, ga taki, ga abincin dabbobi. Amma gawo da kalgo da sabarar da suka dawo suna ɓoye mutum. Gonaki kuma sun haɗe, babu sauran dajin da ba kowa. Bayan kowane kurmi akwai yiwuwar ɗan kiwo, ko mai yankan kaba, ko yarinya mai kai fura. Bindigar da ta tashi da kanta a yau ta fi ta jiya samun wanda za ta sama.

A yi wa bindiga gida

Shawararmu ga kowane mai bindiga ita ce ya je wurin baduku ranar kasuwa, a Tasawa ko Mayahi ko Kanambakashe ko duk inda ya fi kusa, a ɗinka masa kube. Ga siffarsa: tsawonsa ya rufe bindigar tun daga baki har bayan kunama, ƙasansa a rufe don kada rairayi ya shiga, wajen ƙarfen ɗanawa a ninka fata biyu, a yi masa murfi da maɓalli, maratayinsa mai faɗi, a ɗinke shi da kyau, a rataya a gicciye. Wanda ba shi da halin fata, tsohon tanti ko buhu mai kauri ninki biyu ya fi babu. Harsashi da albarushi su zauna dabam a burgami, nesa da ashana da taba. Kuɗin wannan duka bai kai kuɗin motar da za ta kai mai rauni Maradi ba, balle magani, balle damanar da za ta wuce ba a yi noma ba. Kuma a yi shi yanzu, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Kube yana da wani amfani a wannan zamani. Kowa ya san halin da ƴan uwanmu na yankin Madarunfa da Gidan Runji suka shiga saboda ƴan bindiga na bakin iyaka, har dubban mutane suka yi gudun hijira daga Najeriya zuwa jihar Maradi a 2019. A irin wannan hali, mutumin da aka gani bisa babur da bindiga ɓoye cikin riga, ba wanda zai tsaya tambayarsa ko zomo yake nema. Wanda kuwa tasa take cikin kube, a karye, babu harsashi, takardarsa tana aljihu, ya sauƙaƙa wa kansa, ya sauƙaƙa wa jami'an tsaro.

Zancen takarda kuma ba wasa ba ne. Dokar farauta mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998 ta shimfiɗa cewa farauta sai da izini, ta ware namun da ba a taɓawa, ta hana farauta da wuta da guba da fitilar dare. Akwai kuma wuraren da aka keɓe, kamar gandun Gadabeji da aka kafa tun 1955, inda aka mai da raƙuman dawa a 2018. Kafin ka fita, je wurin ma'aikatan gandun daji na gundumarka ka ji lokacin da aka buɗe da abin da aka halatta. Wanda ya iya karatu ya karanta takardarsa da kansa; wannan ma yana cikin amfanin aji.

In abin ya riga ya faru

1. A fara kawar da bindigar, baki nesa da mutane.
2. A danne raunin da ƙarfi da tsumma mai tsabta, kada a ɗaga don leƙe. In ya jiƙe, a ƙara wani a kai.
3. In hannu ne ko ƙafa, jini yana tsartuwa ya ƙi tsayawa, a ɗaure sama da raunin da ƙyalle mai faɗi, a murɗa da ɗan icce har jinin ya tsaya. A rubuta lokacin da aka ɗaure, kada a kwance sai likita.
4. Kada a zuba toka, ko ƙasa, ko kashin dabba, ko albarushi, ko baƙin mai. Su ne ke kawo ruɓa da ciwon tetanos, mai sandarar da jiki ya ƙulle haƙora.
5. Kada a tono dalma da wuƙa.
6. A kwantar da shi, a lulluɓe shi, kada a ba shi abinci ko fura, domin wataƙila a yi masa aiki.
7. A tafi gidan likita nan take, ko da ramin ƙarami ne, kuma a tambayi allurar tetanos. Kada tsoron tambaya ya sa a ɓoye mai rauni a ɗaka. Daga Tasawa zuwa Maradi ya fi kilomita 100. Duk awar da aka ɓata a gida, daga ransa aka ɗebe ta.

Kiranmu

Ga sarakunan baka da shugabannin maharba: ku ne ake jin maganarku. Kafin a fita farautar taro, a tsaya a bakin gari a duba bindigar kowa da maratayinta, a faɗi wanda zai bi wane. Yaron da bai iya riƙo ba, a ba shi sanda ya yi rani guda yana ɗaukarta kamar bindiga, ana gyara masa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ga iyaye mata: bindigar da ta shigo gida ta shigo inda ƴaƴanku suke rarrafe. Kuna da ikon tambayar maigida ko wofi ce, ku kuma nemi a rataye ta sama, harsashi a kulle a wani wuri dabam. Ƙwayoyin dalma ma kada a bar yara su yi wasa da su ko su sa a baki, domin guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwa.

Ga malaman azuzuwa: a karanta wannan shafi a aji, a rubuta tambayoyin nan uku a allo, kowane ɗalibi ya kwafe su a littafinsa. A kawo sanda a gwada hanyoyin ɗauka, ɗalibai su nuna da kansu wanda bakin yake dubi.

Ɗalibinmu na bakin gulbi shi ya fara kwafe su, da hannun hagu. Ya ɗauki kusan rabin awa kafin ya gama, bai yarda kowa ya taimake shi ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Wanda ya karanta, ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah ya tsare mu da iyalanmu, ya kai mu damana lafiya. Amin.